Ranar da Rufewar Lawwali Dogo Ta Yi Magana

A Kamarawa, kafin shekarun fari, in aka ce Dogo ba a tambayar wane Dogo. Lawwali ne. Mutum ne da ba ya shiga zaure sai ya yi ruku'u, kuma babu telan da ya taɓa auna shi bai yi tsaki ba. Manomi ne kamar kowa, gero da dawa da ɗan wake a gindinsu, matarsa Mairama, 'ya'yansu huɗu. Amma abin da ya kai sunansa garuruwan Turba da Isa, har masu cin kasuwar Sabon Birni suka san shi, jifan dami ne.

Rufewa, wato rumbun ƙasa, a bisa bakinta yake, ƙarƙashin hular ciyawa. In kaka ta yi, mutum uku ke cika ta: ɗaya a ƙasa yana miƙa dami, ɗaya a kan tsani yana karɓa, ɗaya a ciki yana jerawa. Lawwali ya sallami na tsakiya. Sai ya ja baya taku biyar, ya kama dami ta igiya, ya kaɗa shi sau biyu, ya saki. Damin ya tashi ya yi baka a sama, ya faɗa bakin rufewa bai gogi gefe ba. Na ciki aikinsa ya zama biyu, jerawa da salati. Gida-gida ake gayyatarsa, a dama masa fura da nono, a sallame shi da hatsi, mata su leƙo ta darni, wato dangar kara, suna guɗa. Shekara goma sha biyar yana wannan sarauta da ba ta da rawani.

Alhassan kuwa ɗan gwaggonsa ne, wato taubashinsa, abokin wasa na jini. Lawwali ya girme shi da shekara goma. Yana yaro siriri ne kamar karan dawa, in aka ba shi hauya sai ya nome geron ya bar ciyawa. Shi ya sa da aka zo neman 'yan makaranta ubansa bai wahalar da kansa wajen ɓoye shi ba. Daga Isa ya wuce Sakkwato, can wani malami ya dube shi daga ƙasa har sama, ya ɗora masa ƙwallo a hannu. Ƙwallon kwando ake ce wa wasan. Ba a jima ba wata ƙungiya a Kaduna ta ɗauke shi, ta ba shi ɗaki da albashi, rediyo ya fara kiran Alhassan Kamarawa.

Da ruwa bai ɗauke ba, da Lawwali ya iya haɗiye wannan. Daminar tamanin da uku ta yi rowa, ta tamanin da huɗu ta yi mugunta. Gero ya yi ciki, sama ta bushe, zangarniya ta fito fayau ba ƙwaya. Wanda ya saba ɗaure dami ɗari ya ɗaure bakwai, bakwai kuwa ba a kiran Lawwali dominsu, mai gida da kansa ke hawa da su yana lallaɓawa kamar ƙwai. Mai jifan dami a shekarar da ba dami maroƙi ne a garin kurame. A daidai lokacin ne kuma sunan Alhassan ya ƙi fita daga rediyo.

Majalisarsu gindin wani gawo take, inda Kalilu mai facin keke ya kafa rumfa. Shi ke da rediyon, shi ke da hoton Alhassan da ya yanko daga jarida ya liƙa a akwatin kayan aikinsa da gam ɗin faci. Akwai kuma Jibrilla, bafillacen da fari ya mai da garkensa shanu shida, har ya sami lokacin zama da manoma.

"Ku yi shiru, ku yi shiru!" Kalilu ya manna kunne jikin rediyo, sannan ya ɗago yana washe baki. "Sau goma sha biyu Dogo yaj jefa jiya. Mai labari ya ce ba a taɓa hannu irin nashi ba."

"Wane Dogo?" in ji Lawwali.

"Dogon Kaduna mana."

Abin da ke ci masa rai ke nan. Da, Dogo ɗaya ne. Yanzu akwai Dogon Kaduna, shi kuma ya koma Dogon gida, kamar ana maganar kaza.

"Sha biyun mi? Dammuna?"

"Ƙwallo."

"Ƙwallo nawa garai?"

"Guda."

"Gudan ita yaj jefa har sau sha biyu? To ina take zuwa in ta shiga?"

"Faɗowa takai ta ƙasa. Kwandon ba shi da gindi."

Lawwali ya sani sarai, ya yi wannan tambayar ta fi sau ashirin, amsar ce ke masa daɗi. Ya juya ga jama'a ya buɗe hannuwa. "Ku zama shaida. Ƙato da gemu shi wuni shina zuba abu ga kwandon da ba gindi, a yi mai tafi, a ba shi albashi. Ni da na yi haka ga rufewar wani, da taɓarya za a raka ni."

"Amma fa Lawwali," in ji Jibrilla, "na dubi hoton nan. Ƙafafunai ba su taɓa ƙasa ba. Mutum ya tashi awa shamuwa."

"Kwaɗo ma na tsalle, wa yab ba shi ɗaki Kaduna? Kai Kalilu, mi ke cikin ƙwallon nan?"

"Iska."

"Iska! Irin wadda kake hura ma taya. Dami kuwa nauyin ɗan akuya garai. Kuma mutum huɗu ke yi mai bauta, su yi gudu, su yi zufa, su kawo mai har hannu, shi nashi miƙewa kawai awa mai tsinko tsamiya. Tsawo na, ba gwaninta ba. Tsawon ma ba shi yay yi abinai ba, gadon gidanmu na, ta wajen gwaggo yas samu."

"Shi mutum biyar ke tare shi in za shi jifa," in ji Kalilu. "Kai wa ke tare ka?"

"Rana, da iska, da surutun mai gida. Kuma ba sha biyu ba ne, sha ɗaya na. Guda alƙali ya soke ta, na ji da kunnena."

"Ashe kana saurare."

"Kunne ba shi da ƙyaure."

Gaskiyar magana, babu mai sauraren labarin wasanni a Kamarawa kamar Lawwali. Shi ke fara isa gindin gawo. In batir ya yi sanyi, shi ke shanya shi a rana. Ranar da aka ce ƙungiyar Alhassan ta sha kashi a Legas, gida ya koma yana waƙa, har Mairama ta fito tana duban gabas, ta zaci hadari ya gani.

Akwai abin da majalisa ba ta sani ba. Rufewar Lawwali ita ce mafi tsayi a garin, shi ya gina ta daidai da kansa, tana tsaye a wajen darni, bakin hanyar rijiya. Tun sanyi bai gama fita ba ta ƙare tas. Dami ɗaya tak ya rage, shi ma ya hana a sussuke. Ya gitta sanda a cikin bakin rufewar ya rataye shi. Kullum da hantsi, lokacin da hanya ta cika da masu ɗiban ruwa, sai ya kafa tsani, ya ɗaga hular ciyawa, ya sauko da dami a kafaɗa yana amsa gaisuwa. Da tsakar rana, in zafi ya kora kowa inuwa, ya naɗe shi a tabarma ya mai da shi. Wata uku damin nan yana hawa yana sauka kamar guga.

Mutane suna cewa, "Lawwali dai ya yi tanadi." Da aka fara rabon masarar tallafi a Isa ga gidajen da ba su da komai, mai unguwa Amiru bai ko tsaya ƙofarsa ba. Abin da gidan ke ci kuwa awakin Mairama ne. Ɗaya bayan ɗaya take aika wa yayanta da su Turba, ya sayar, ya aiko da garin rogo a ɓoye cikin kayan itace. A haɗa da busasshiyar tafasa, a ci sau ɗaya a wuni.

"Malam," in ji ta wata rana yana naɗe damin, "akuya guda tar rage."

"Allah na nan."

"Allah na nan, masara kuma na Isa. Duk wanda yac ce ba shi da, ana auna mai."

"In tsaya ga layi? Ni? Kowa in ya shiga layi ɓacewa yakai cikin mutane. Ni daga Shinkafi za a hango ni."

"To ka ba ni damin nan in yi ma yara fura ko ta kwana uku."

"Wanga dami ba na ci ba ne, Mairama. Shi ke riƙe da gidan ga."

"Gidan ga akuya ke riƙe da shi," ta ce, ta koma ɗaki.

Ya san ta fi shi gaskiya. Amma suna ɗaya an riga an raba shi biyu, an ba Kaduna rabi. Abin da ya rage masa a idon gari shi ne wannan: Lawwali mai cika rufewar mutane, tasa ba ta taɓa ƙarewa ba.

A tsakiyar bazara Alhassan ya zo gaida uwarsa. Motar Isa ta sauke shi da jaka da buhunan masara biyu, da farin takalmi da kowace ƙafa ta isa shimfiɗar jariri. Gari ya fito kamar an ga wata. Washegari bayan la'asar ya zo majalisa, rabin Kamarawa na biye da shi. Ya durƙusa gaban Lawwali.

"Ubangidana, ina wuni? Ina iyali?" Haka ɗan mace ke tsokanar ɗan namiji a wasan taubasai.

"A'a, bawana na? Har Kaduna ta sallame ka? Tashi in gan ka."

Suka tsaya kafaɗa da kafaɗa. Jibrilla, wanda ba a sa shi ba, ya aza sandarsa bisa kawunansu. "Na Kaduna ya fi da yatsa uku."

"Takalmi na," in ji Lawwali.

Alhassan ya yi dariya ya tuɓe takalmin.

"Yatsa biyu," in ji Jibrilla.

Lawwali ya kwana ya wuni yana shirin karɓar yaro mai girman kai, ya tanadi maganganu har da na canji. Sai ga shi yaron ya zauna a ƙasa, ya sha ruwan randa, yana gaya wa jama'a cewa a wurin Lawwali ya koyi jifa. "Ina ƙarami nikan laɓe in kalli yadda yake sakin igiya. Har gobe haka nike sakin ƙwallo." Jama'a suka ce Allah sarki, yaro da ladabi. Kalilu har da share ido. Ko girman kan da Lawwali zai riƙe hujja, yaron ya hana shi.

"Ka koya gare ni?" Muryar Lawwali ta tashi. "To da ka koya, mi yas sa ka tafi neman kwandon da ba gindi? Jifa na gaskiya ga rufewa a ka yin shi, da dami, ba da iska ba."

"Haka na, ubangida. Ni ban zo gasa ba."

"Dole ka ce haka. Nan ba mutum huɗu masu kawo ma."

"Kai jama'a!" Kalilu ya miƙe tsaye, bakinsa har kunne. "Gardamar ga ta ishe mu, shekara guda muna yi. Ga Dogo ga Dogo. A kawo dami, a buɗe rufewa, jifa uku-uku. Yau a san na gaske."

"A kawo!" in ji Lawwali. "Yanzun ga!"

A kawo daga ina? Kowane mai gida ya sami abin kallo a ƙasa, wani yana gyaran hula, wani yana cire ƙaya da ba ta soke shi ba. Jibrilla ne ya yi magana, da zuciya ɗaya.

"Bana wa ke da dami in ba kai ba, Lawwali? Kullum da hantsi in za ni wuce da shanu ina ganinka ka sauko da shi. Kuma rufewarka ta fi ta kowa tsawo."

"Shi ke nan!" in ji Kalilu. "Mu tafi."

Jama'a ta tashi ɗuu, ta sa Lawwali a gaba. Tafiyar ba ta kai tsawon kiran salla ba, amma a cikinta ya tuna abin da ya fi kowa sani a ƙasar Isa. Rufewa mai hatsi in dami ya faɗa mata, haɗiyewa take yi, a ji tuf, shiru. Wadda ba komai kuwa ganga ce. Shekara goma sha biyar daga ƙarar damin farko yake gane abin da ya rage wa kowane gida, bai taɓa faɗa wa kowa ba. Ya yi tunanin zuba kara a ciki, amma jaki ya cinye karan tuni, kuma ga mutane har sun kewaye rufewar.

Ya shiga gida ɗauko tsani. Mairama na tsaye bayan darni, ta ji komai.

"Malam, ka ce kafaɗa ke maka ciwo."

"In ce ciwo gaban wanga yaro?"

"To ka san abin da za ta faɗi in ya shiga."

Ya ɗauki tsanin ya fita. Ya hau, ya sauke hular ciyawa, ya zare sandar da dabara ya sako ta cikin hular, ya sauko da damin. Baƙo ke farawa. Ya miƙa wa Alhassan.

Alhassan ya karɓa yana murmushi, ya auna nauyinsa a hannu. Sai murmushin ya tafi. Noma ya gagare shi, amma ɗan manoma ne. Igiyar damin ta yi baƙi ta yi santsi kamar igiyar guga. Zangarkun gefe duk sun goge, gefen da ke kwanciya a kafaɗa ya lotse. Damin da aka ciro yau daga cikin 'yan'uwansa ba haka yake ba. Ya dubi rufewar. Ya dubi darni, inda idon Mairama ke leƙe. Sannan ya ja baya taku biyar.

Ya kaɗa sau biyu ya saki. Damin ya tashi, ya karkata hagu, ya faɗi a yashi nesa da rufewar. Jama'a suka ce, "Ash!"

"Hannu bai yi zafi ba," in ji Kalilu.

Na biyu ma hagu. Na uku hagu. Ko jikin rufewar bai taɓa ba. Kalilu ya zauna a ƙasa ya riƙe kai.

Kowa ya ga kuskure uku. Lawwali kaɗai ya ga abin da ya faru. Jifan farko ya bar gurbi a yashi, faɗinsa bai wuce faifai ba. Na biyu cikin gurbin ya sauka. Na uku ma cikinsa, kamar da hannu aka ajiye. Mutumin da bai taɓa riƙe dami ba shekara goma sha biyar, ya sa shi wuri guda sau uku. Ashe mai rediyo ba ƙarya yake yi ba.

Alhassan ya kakkaɓe hannu ya ɗauko damin ya ajiye gaban Lawwali. "Ubangida, na sallama. Dami ya fi ƙarfina. Kai kac ci, ba sai ka jefa ba. A mai da hula, rana ta yi."

Ga ƙofa an buɗe masa. Lawwali ya gan ta, har ya sunkuya zai ɗauki hular ciyawar.

"Ai gajiyar mota ta," in ji Kalilu daga ƙasa. "Kuma dami ba aikinai ba ne. A ba shi ƙwallo a gani."

Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa. "Ko ka rasa kai na namu, Dogon Kaduna!"

"To shi Dogon gida ai bai jefa ba," wani ya ce daga baya. "Kaka biyu bai jefa dami ba. Wa yas san ko hannun na nan?"

Lawwali ya saki hular. Yaron ya rasa sau uku, shi ake wa guɗa. Yaron ya fi shi tsawo, ya fi shi suna, ya fi shi hannu, yanzu kuma zai koma Kaduna da ladan rufa masa asiri. A ba shi nasara sadaka, a gaban Kamarawa, daga hannun bawansa?

"Ubangida," in ji Alhassan a hankali, "bari."

"Kauce."

Ya kama igiyar. Taku biyar. Ya kaɗa sau biyu. Waɗanda suka ga wannan jifan sun ce bai taɓa yin irinsa ba, ko a shekarun ƙoshi. Damin ya tashi har ya tsaya cak a sama kamar yana shawara, sannan ya juyo da kai ya nutse tsakiyar bakin.

Dummm.

Ƙarar ta fito kamar an buga tambari a cikin rijiya. Ta zaga cikin rufewar ta sake fitowa. Kurciyoyi suka tashi daga darni. Wata 'yar ƙura ta fito daga bakin ta tsaya a iska. Babu manomin da ke wurin da yake bukatar fassara.

Ba guɗa, ba tafi. Can Jibrilla ya gyara murya ya ce, "Ta shiga."

Dattawa suka fara zamewa ɗaya-ɗaya, kowa ya tuna yana da alwala. Mai unguwa Amiru ya tsaya sai da wuri ya rage, sannan ya matso kusa da Lawwali, yana duban wani wuri dabam.

"Jibi akwai awo Isa. Ka zo da buhu. Da asuba muke tashi."

"To," in ji Lawwali.

A ranar Mairama ta sa ya shiga rufewar ya ciro damin. Ta sussuke, ta daka, gidan ya sha fura. Washegari gwaggo ta aiko mata da rabin buhun masara, ta ce na Mairama ne da yaran, babu ruwan wani ƙato. Lawwali ya san daga motar da masarar ta sauka, amma kyautar gwaggo ba a mai da ita.

Ya je Isa. Ya tsaya a layi, kansa bisa na kowa kamar giginya a fadama. Mutanen Turba suka gaishe shi da suna. Abin da bai zata ba, a bayansa akwai magidanta uku na Kamarawa, waɗanda su ma har shekaranjiya tanadi gare su. Ba wanda ya dubi wani.

Ranar da Alhassan zai koma, Lawwali ya raka shi bakin mota, ya ja shi gefe.

"Wuri guda kas sa shi. Sau uku."

"Iska ta, ubangida."

"Ba iska ran nan. Ko ganyen gawo bai motsa ba."

"To hannu na yaɓ ɓaci."

"Kar ka mai da ni yaro. In anka yi damina ka dawo mu sake. Da gaske."

"An gama ai. Kai kac ci, gari duk shaida na." Ya shiga mota ya naɗe ƙafafunsa, ya leƙo ta taga. "A gaida uwargida."

Ruwa ya dawo. Lawwali ya koma jifan dami, ya yi wasu shekaru goma kafin kafaɗa ta fara ciwon gaske. Alhassan gwiwa ta tsayar da shi, ya zama mai koyar da wasan a wata makaranta. Duk zuwan da zai yi, Lawwali sai ya tare shi da maganar sakewa, shi kuma sai ya durƙusa ya ce bawa ba ya ja da ubangidansa. Ko sau ɗaya bai yarda ya taɓa dami ba.

A gindin gawo kuwa gardama ba ta mutu ba. Duk baƙon da ya kuskura ya ce, "Nan ne garin Alhassan Kamarawa?" sai Lawwali ya gyara zama.

"Zuzutawar rediyo ta kawai. Gaban mutanen ga munka kara. Sau uku yaj jefa, ko guda bai sa ba. Ni sau guda. Kalilu, ƙarya nike?"

"Ba ƙarya," Kalilu zai ce, yana ta goga taya.

Mairama kaɗai ta san sauran. Kowace kaka, in an gama cika rufewa, Lawwali yakan ware dami ɗaya ya zaga bayan gida inda ba mai gani. Ya zana da'ira a yashi, faɗin faifai, ya ja baya taku biyar. Na farko yakan shiga. Na biyu ma sau da yawa. Na uku kullum sai ya goce da taƙi guda.

Wata shekara ta same shi a can, gemu ya yi fari, yana tsaye bisa da'irar yana auna gocewar da yatsu.

"Malam, tuwo na hucewa."

"Ina zuwa."

"Hatsin mutane kake zubarwa ga yashi."

"Kaji su ci." Ya share da'irar da ƙafa, ya zana sabuwa, ya ɗauki damin. "Tafi, saura uku."